Doyar da Baba Ya Ɓoye wa Gwamnati

Baba bai taɓa yarda cewa gwamnati ta san darajar kuɗi ba. Dillalin doya ne a Salaga. Ubansa fataucin goro ya yi, kakansa ma haka, kuma mafi yawan labarin da suka bar masa gado na yadda aka zille wa masu karɓar haraji ne. A wasu gidajen ana ba yara labarin kakan da ya yi yaƙi ko wanda ya je Makka a ƙasa. Mu jarumin gidanmu shi ne kakan da ya bi da jakunansa ta bayan gari, ya sha ƙaya har kwana biyu, don kawai kada ya biya kuɗin ƙofa. Na taɓa tambayar Baba ko jakunan sun ji daɗin wannan dabara, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Kada in yi masa ƙarya, yana biya. Duk ranar kasuwa mai yankan tikiti zai zo rumfarsa, Baba zai ciro kuɗin, amma ba zai saki ba sai ya yi wa'azi. Zai riƙe gefe ɗaya na takardar kuɗin, mutumin yana riƙe da ɗaya gefen, ya tambaye shi ina na bara ya shiga, ya nuna masa ramin da ke bakin kasuwa wanda tun ina goye yake nan yana cin tayoyin motoci. Mutumin ya saba, sai ya ce, "Alhaji, ni ma aiko ni aka yi," ya ja kuɗinsa a hankali ya wuce rumfa ta gaba. Ran da aka faɗa a rediyo cewa in za a raba bashin da ake bin ƙasa, har jaririn da aka haifa jiya yana da kasonsa, Baba ya juya ya dubi jikarsa da ke barci a bayan yayata, ya ce, "Ke kuma yaushe kika je kika ciwo ba mu sani ba?"

Ni a lokacin ina Bawku, a gidan Goggo, ƙanwar Baba, ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya. Goggo tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Mu ɗalibai gwamnati tana ba mu ɗan alawus, amma a shekarar ya maƙale, wata ya bi wata muna leƙa waya ba mu ga komai ba. Ana cikin haka aka liƙa takarda a allon makaranta cewa duk wanda zai zauna jarrabawar ƙarshe, wadda in ka ci ake ba ka lasisin aiki, ya biya kuɗin rajista kafin a tashi aiki ranar Juma'a ta mako mai zuwa. Wanda bai biya ba sai wani zagayen, kuma mu a wurinmu wani zagayen yana nufin shekara guda a zaune. Shekara uku ina wanke ciwon mutane ina haddace sunayen magunguna saboda wannan jarrabawar.

Na kira Baba. Ya ce kuɗi suna nan, ya ware su tun kafin ya zuba sauran jarinsa a doyar da za a haye ruwa da ita zuwa Yeji. Na ji sanyi a raina. Na ce to ya tura mini ta momo, kuɗin waya ke nan, yau ɗin nan in je in biya in huta.

Sai na ji yana gyara zama, na san wa'azi ya taso. Watannin baya kaɗan gwamnati ta ɗora haraji a kan kuɗin da ake turawa ta waya, kuma Baba ya ɗauki abin tamkar da shi kaɗai aka yi dokar.

"In ɗauki kuɗina," in ji shi, "in ba 'yata da na haifa, wani da ke zaune a ofis a babban birni Ankara ya gutsuri nasa? Shi ya yi mini dakon doyar? Shi ya biya sadakin uwarki?"

Na ce, "Baba, abin da za su cire bai kai kuɗin doya biyu ba."

"Ko ɓawon doya ne ba zan ba su ba. Kuɗinki za su iso ki. Yadda iyayenmu suka aika kuɗi har Kano ba waya, haka zan aiko miki."

Na tambaye shi ta yaya, ya ce ba a faɗar irin wannan a waya, ana saurare. Baba ya yi imani akwai wani ma'aikaci na musamman da aka ajiye yana jin duk abin da dillalan doyar Salaga ke faɗa. Na ce Allah ya ba wannan ma'aikaci haƙuri, don rabin hirar Baba a waya faɗa ne da direbobi.

Yadda aka yi aikin, Mama ce ta ba ni labari daga baya, tana yi tana share hawayen dariya. Baba ya zaɓi doya ashirin masu kyau, irin da ake kira puna. Ya ɗauki wadda ta fi kowacce girma, mai kaurin cinyar ƙato, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Ya yanke kanta, ya rarake cikinta da wuƙa da cokali, ya naɗe kuɗin a leda ya ɗaure da zare ya cusa. Ya mayar da kan, ya soke shi da tsinke, ya shafe wurin da toka da jar ƙasa yadda manoma ke yi wa doyar da fartanya ta sara. Mama ta ce ya fito yana gumi yana murmushi, ya ɗaga doyar ya ce ko shugaban masu haraji ya zo da tabarau ba zai gane ba. Ta ce masa ya dai gaya wa Goggo. Ya ce Goggo bakinta ba ya riƙe magana, kafin buhu ya iso duk Bawku ta ji. Zai kira ni da kansa ranar da kaya suka sauka, ya ce mini in duba babbar, ni mai ilimi ce zan gane.

Sai ya biya mai ɗinkin buhu, ya biya mai motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ya kai buhun tasha, ya biya direban Yendi. A Yendi akwai wani abokin cinikinsa da ya karɓa ya ɗora a motar Bawku, shi ma aka ba shi na goro, aka biya direba na biyu. Kafin buhun ya bar tashar Salaga ma sai da aka yanka masa tikitin kaya, Baba ya biya ya haɗa da wa'azi. Mama ta ce ita dai ba ta yi makaranta ba, amma a ganinta abin da ya kashe ya ninka harajin da yake gudu sau da yawa. Baba ya ce wannan daban, waɗannan mutane ne da ya san fuskarsu.

Lissafin Baba shi ne buhu zai kwana biyu a Yendi yana jiran mota, ya iso ranar Laraba. Ya yi wannan lissafi ne bisa sanin da ya yi wa hanyar, don shekara da shekaru yana zaginta. Abin da bai sani ba, an ɗan gyara wani yanki nata da irin kuɗin bashin nan da yake tsine wa, motoci sun fara zirga-zirga kullum. Buhu ya iso ranar Litinin da hantsi. Ni ina asibiti ina aikin koyo, waya a kashe a cikin jaka. Baba kuma yana wani ƙauye bayan Makango yana sayen doya, inda sai ka hau tudu kake samun layi.

Duk wanda ya zauna a zango, unguwarmu ta Hausawa da sauran baƙi, ya san abin da ke faruwa idan doyar Salaga ta sauka a gida a Bawku. A can doya baƙuwa ce, gero da dawa da masara ne abincin gari. Buhu ba ya shiga ɗaki a ɓoye, maƙwabta sun riga sun ga motokin ta tsaya. Kuma ba a kwana da tsaraba ba a fitar wa mutane nasu ba, in ka yi haka har a suna da biki za a riƙa tuna maka. Goggo ta fi kowa kiyaye wannan. Ta farke buhu a tsakar gida, ta jera doyar daga babba zuwa ƙarama, ta hau rabo yadda aka saba, kowa gwargwadon girmansa a unguwa. Liman ya samu biyu. Matar da ke taya ta suya ta samu ɗaya, mai gidan haya ɗaya, unguwarzoma ɗaya. Babbar kuwa, wadda ba a ba kowa sai wanda ya fi kowa daraja a idon mai rabo, ta ɗauka da hannu biyu ta kai gidan Ticha da kanta.

Ticha tsohon shugaban makarantar firamare ne da ya yi ritaya, katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Rabin manyan unguwar shi ya koya musu karatu, Goggo ma 'ya'yanta duk ta hannunsa suka bi. Ba Bahaushe ba ne, a kasuwa da zango ya koyi Hausa, kuma Hausarsa ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a wurinsa, har matarsa. Kullum da safe zai fito da riga a goge ya zauna a benci da rediyonsa. Shi ne kishiyar Baba a komai. Ticha yana ajiye kowane rasiɗin haraji a cikin fayil, yana cewa da wannan kuɗin aka gina ajin da ya koyar, da shi aka biya shi albashi har ya tsufa. Duk zuwan da Baba zai yi Bawku, a wannan bencin suke yini suna musu. Baba ya ce gwamnati ɓarauniya ce mai takarda. Ticha ya ce, "Alhaji, asibitin da aka haifi yaranka, kakanka mai jaki ne ya gina?" Su yi ta yi har Goggo ta aiko musu da tuwo, su ci a kwano ɗaya, su ɗora daga inda suka tsaya.

Da Ticha ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama, sai ya ranta wa gwamnati su. Ya sayi irin takardun nan da ake ba ka riba lokaci-lokaci, da ribar yake sayen maganin matarsa, wadda ciwon suga da hawan jini suka kwantar. Baba ya yi masa dariya a lokacin har da riƙe ciki. Ticha ya ce ɗan kasuwa yana iya gudu da kuɗinka ya tsallaka Togo, gwamnati kuwa ina za ta je? Ba ta je ko'ina ba. Tana nan zaune ta ce bashi ya yi mata yawa, masu irin takardunsa su yi haƙuri tukuna. Mun ji wannan a rediyo kamar kowa, muka ce Allah ya kyauta. Ticha ya ci gaba da fitowa da rigarsa a goge, don haka babu wanda ya kawo komai a ransa.

Na dawo da yamma na tarar Goggo ta daka sakwara, gida yana ƙamshin miyar gyaɗa. Na ci na ƙoshi. Na zazzage buhun, na duba ɗinkin bakinsa, na tambayi Goggo ko direba ya ba ta wata takarda ko ƙunshi. Ta ce doya dai. Na ce to wataƙila wannan somin-taɓi ne, kuɗin suna tafe da wani. Na kira Baba, layi ba ya shiga. Talata ma haka.

Ranar Laraba da azahar wayata ta yi ƙara. Muryar Baba cike da jin daɗin kansa.

"Kaya sun sauka?"

"Tun shekaranjiya, Baba. Mun gode, ta yi daɗi."

"Shekaranjiya? To. Ki duba babbar."

"Wace babbar?"

"Babbar cikinsu mana. Ki duba ta da kyau. Ke mai ilimi ce."

Na leƙa ƙarƙashin gadon Goggo inda ragowar suke. Guda shida ne, duk 'yan madaidaita. Na ce masa babu wata babba a nan, Goggo ta raba. Abin da ya fito daga wayar nan ban taɓa jin irinsa daga bakin Baba ba. Ya manta da ma'aikacin da ke saurare, ya faɗi komai da ƙarfi, da toka da tsinke da leda, har matar da ke wanke gero a tsakar gida ta ɗago kai. Na zauna a ƙasa.

Goggo ta karɓi wayar. Wa da ƙanwa suka yi abin da suka saba tun suna yara. Shi yana cewa wace irin mace ce za ta rabar da kayan mutane ba ta tambaya ba. Ita tana cewa wane irin mutum ne zai sa kuɗi a cikin abinci, kuma a cikin babbar, shi bai san inda babba take zuwa ba? A gidan wa aka haife shi? Ya ce a ƙaramar kuɗin ba za su shiga ba. Ta ce to ai ga shi sun shiga, sun kuma fita. Ni ina zaune ina jin su ta waya ɗaya, kowannensu yana da gaskiya, kuma jibi Juma'a.

Da suka gaji, Baba ya ce a ba shi ni. Muryarsa ta sauka. Ya ce ba shi da wasu kuɗin a hannu, komai yana cikin motar doyar da ta haye ruwa jiya, sai an sayar a Kumasi, kuma wannan ba abin kwana biyu ba ne. Ya ce in je gidan Ticha in gaya masa gaskiya, kuskure ne, Ticha mutum ne mai tsoron Allah, ko sisi ba zai riƙe ba. Na san haka ne. Goggo ta ce ita ƙafarta ba za ta taka ba, tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa bin kyauta ta karɓo ba. Ta shiga ɗaki ta kwance bakin zanenta da gwangwanin cinikinta ta juye mini a cinya. Ko kusa bai kai ba.

Na yi wanka na sa hijabi, na tsara maganata tun daga tsakar gida. Zan gaishe shi, in tambayi jikin Mma, haka muke kiran matarsa, sannan in ce, Ticha, wani abin dariya ne ya faru. Da dariya zan fara, don kada kowa ya ji kunya. A raina ina fata ba su ma taɓa doyar ba, in ce Goggo ta ce a musanya musu da biyu.

Bencin ba kowa. Na yi sallama, ya amsa daga ciki ya ce in shigo. Rabona da shiga ɗakin ya fi wata uku, don kullum a waje muke gaisawa. Abin da na fara gani shi ne inda firij yake a da, saura shacinsa a ƙasa. Talabijin ma babu. Mma tana zaune a kan gado ta jingina da bango, ta rame har na kusa kasa gane ta, amma idonta a buɗe, tana murmushi. A kan tebur ga kwalayen magani sababbi, ba a daɗe da ɓare su ba. Aikina ne, kallo ɗaya na yi musu na san na mene ne, na kuma san abin da ke faruwa da mai irin ciwonta in ya yi makonni bai sha ba.

Ticha ya kama hannuna da hannayensa biyu. Bai taɓa yin haka ba.

"Kai," ya ce, "babanka. Babanka wannan."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Mma ce ta ce tun Litinin yake haka, da ya sa wuƙa zai yanka doya kan ya faɗo.

"Ni ban gaya wa kowa ba," in ji Ticha. "Ko liman ban gaya ba. Sati biyar magani ya ƙare. Na je banki sau huɗu, sun ce Ticha sai haƙuri. Yaya babanka ya sani daga Salaga? Kuma duba yadda ya yi. Bai aiko a hannu ba, don ya san ba zan karɓa ba. Bai tura a waya ba, don kar sunansa ya fito. Ya sa cikin doya, ya rufe da toka, ko Goggonka bai gaya ba. Shekara nawa ina musu da mutumin nan, ina ce masa bai san komai ba sai kuɗi."

Ya ɗaga matashin kai ya nuna mini ledar, da zaren Baba a jikinta. Kaɗan aka taɓa. Mafi yawan kuɗin suna nan, in na haɗa da na gwangwanin Goggo za su kai ni Juma'a lafiya. Ya ce ya auna, in suka yi a hankali zai riƙe maganin Mma har wata huɗu, kafin nan gwamnati ta tuna da su. Har a ranar bai zage ta ba, cewa ya yi abubuwa ne suka yi mata yawa.

Maganar da na tsara tana nan a bakina. Ticha, wani abin dariya ne ya faru. Na san in na faɗa zai miƙo mini ledar nan take, ya ba ni haƙuri, gobe ya sayar da rediyonsa ya cika abin da ya taɓa. Na dubi Mma, ta ce in matso ta ga yadda na yi ƙiba. Raina ya ɓaci ƙwarai, da Baba, da Goggo, da mutanen Ankara da ban taɓa gani ba, kuma na ji tsoron shekara guda a zaune. Duk da haka da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Mma, da safe kike shan wannan ko da dare?"

Ticha ya ce in kira masa Baba, shi ba shi da kuɗi a waya. Na kira. Baba ya ɗauka da sauri ya ce, "Kin karɓo?" Na ce, "Ga Ticha zai yi maka godiya," na danna kalmar godiya yadda zai ji, na miƙa wayar.

Ban ji abin da Baba ya ce da farko ba, don Ticha bai ba shi dama ba. Ya yi ta jero addu'a, Hausa ta ƙare masa ya koma yarensu, ya dawo. Ya ce Mma ta tashi zaune yau. Sai ya yi shiru yana saurare, na ga ya yi dariya yana share ido. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Wai tambaya yake ko doyar ta yi gari."

Na fita waje da wayar a kunne. Ina jin numfashinsa da kukan awaki a bayansa.

"Ba ki faɗa ba," in ji Baba.

"Ban faɗa ba."

"Zan sa babur ɗina a kasuwa yanzu."

Ya sa. Mai saye bai zo da kuɗi ba sai ranar Asabar. Na je ofishin makaranta ranar Juma'a da abin da Goggo ta tara, na roƙi matar da ke karɓa, ta ce ita ma daga sama aka rufe, ba a hannunta yake ba. Na dawo gida na shige ɗaki na yi kukan da ban yi a gidan Ticha ba. Wata guda ban ɗauki wayar Baba ba. Goggo ta ce in yafe masa, tun yana yaro haka yake, in ya yi wayo sai an kwana ana gyara.

Mu uku, ni da Baba da Goggo, muka yi shawara ba tare da mun zauna ba, babu wanda zai gaya wa Ticha. Wahalar ita ce Ticha malami ne, kuma malami ba ya manta ranar jarrabawa. Kullum na wuce zai tambaye ni karatu, ya ce saura kwana kaza. Ana jibi za a fara ya kira ni benci, ya ciro wani alƙalami mai ruwan azurfa daga aljihun gaba, wanda aka ba shi ranar da ya yi ritaya, bai taɓa rubutu da shi ba. Ya ce da shi zan rubuta. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu.

Ranar jarrabawa na tashi da asuba na goge farin yunifom ɗina. Goggo tana suya tana kallona, ta ƙunsa mini ƙosai a takarda. Na fito ƙarfe bakwai. Ticha yana benci, Mma kuma an fito da ita a kujera a bakin ƙofa, karo na farko cikin watanni, wai ita ma sai ta ga fitata. Na ɗaga musu alƙalamin. Ticha ya miƙe tsaye ya ce, "Ka karanta tambaya sau biyu kafin ka amsa!" Na ce to, Ticha.

Na bi hanyar makaranta har na sha kwana inda ba za su hango ni ba, sannan na juya na nufi kasuwa. Wata ƙawata tana da shagon ɗinki a bayan 'yan hatsi. Na zauna a kan buhun ƙyallaye cikin farin yunifom, ina taya ta sa maɓalli, har ƙarfe biyu ta yi. Kwana huɗu ake jarrabawar, kwana huɗu na yi haka. Kullum na dawo Ticha yana jira ya ji yadda ta kasance, ni kuma in ce masa ta yi wuya, amma na yi iya ƙoƙarina.